Daga Zango Zuwa Fuloti: Tarihin Yadda Hausawan Ikko Ke Zaɓen Wurin Zama

 

Yau ina so mu tattauna kan wata tambaya da ta daɗe tana yawo a majalisunmu, daga Agege har Mile 12: idan Allah Ya hore wa mutum abin sayen fili ko gida, a wace unguwa ya kamata ya saya? Cikin Ikko dai ya fi ƙarfin talaka, har ma da mai matsakaicin hali. Saura bayan gari, shi ma kuma kashi-kashi ne. Akwai hanyar Abekuta, akwai hanyar Badun, akwai Ikorodu, akwai hanyar Badagry, kuma duk wanda ka tambaya tasa zai yaba maka. Ni ɗan mai goro ne, jikan mai goro, a Agege aka yanke min cibiya, kuma tunda na gama sakandare a rumfa nake tare da mahaifina. Zama da dattawa a rumfar nan, da ɗan abin da nake karantawa, su suka nuna min cewa kakanninmu sun sha amsa wannan tambaya cikin shekaru fiye da 150. Duk amsar da suka bayar tana nan a ƙasa, ana iya zuwa a gani da ido. Don haka kafin mu kai ga maganar fuloti, mai karatu ya biyo ni mu ɗan koma baya.

Zamanin Zango

Tun kafin zuwan Turawa fatake ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato su nufi Gwanja sayen goro. Ayari ne guda a ƙarƙashin madugu, da jakuna da 'yan alaro, a yi watanni ana tafiya. Duk inda dare ya yi sai a yada zango, kuma zangon nan a bayan gari ake yin sa, inda akwai ruwa da ciyawar dabbobi, inda baƙi ba za su takura wa masu gari ba. A hankali wasu suka riƙa tsayawa a zangon ba sa wucewa. Su ne suka zama fatoma, wato masu masauki. Bafatake in ya iso, maigidansa zai nema. Shi zai ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba da kaya bashi, in an yi ciniki ya karɓi la'adarsa. Ke nan baƙo ba shi da wahalar zaɓen unguwa, maigida kawai zai zaɓa, inda maigida yake nan ne gida.

Abin lura a nan shi ne, tun asali mu mutanen bayan gari ne. Kalmar zango da muke ji a Agege, da Sabo da muke ji a Badun da Shagamu da Ikorodu, duk suna nuna wuri ne da aka ware wa baƙi a gefen gari, daga baya gari ya girma ya haɗiye shi.

A Ikko kanta, bayan Ingila ta karɓe garin a 1861, wani Baturen mulki mai suna Kyaftin Glover ya tara wata ƙaramar rundunar Hausawa a 1863, kuma daga wannan runduna ake ƙirga asalin sojan Nijeriya. Sojoji da tsofaffin sojoji da iyalansu na cikin waɗanda suka raya Obalende, wadda a lokacin gefen gari ce. Yau Obalende tana tsakanin tsibirin Ikko da Ikoyi, kuma kowa ya san abin da taku ɗaya na ƙasa ke nufi a wannan yanki.

Goro da Dogo

Abin da ya kawo kakanninmu Agege kuwa abu biyu ne: goro da jirgin ƙasa. A 1874 Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi suka ƙone Kumasi. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, babbar kasuwar goron Gwanja. Sai fatake suka fara neman wata hanya, wasu suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara da Sekondi zuwa Ikko, kuma Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi suna a wannan sabuwar hanya. Ana cikin haka Turawa suka fara shimfiɗa dogo daga Ikko a 1896, ya kai Badun a 1901, kafin 1912 ta ƙare kuma an haɗe Ikko da Kano. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki.

Agege a lokacin ƙauyen gonaki ne a bakin dogo. Manoman wurin da koko suka fara, har suka kafa ƙungiyar masu gonaki a 1907, sannan aka shiga dasa irin goron Gwanja a Agege da Ota da Ifo har zuwa Shagamu. Wanda ya san goro ya san ba ya son wasa. Sai an ɓare shi, an wanke, an tsince mai sankara, an ware marsa daban minu daban, an jera a huhu da ganyen fita, kuma ana yi ana buɗewa ana dubawa. Kayan da ke buƙatar irin wannan kulawa dole mai shi ya kwana kusa da shi, kuma dole ya kasance kusa da tasha. Shi ya sa masu gida suka nemi wuri a wajen masu ƙasa dab da tashar Agege, suka gina zaure da ɗakunan baƙi da rumbun ajiya, masallaci ya biyo baya, makarantar allo ta biyo, mahauta da masu tuwo suka zo, aka naɗa sarki. Haka aka yi a Badun, inda aka kafa Sabo a 1916 a kan cinikin goro da shanu.

To, mai karatu ya duba abin da ya faru da waɗancan filaye. Filin jirgin sama da masana'antu suka zo Ikeja, maƙwabciyar Agege. Aka ƙirƙiro jihar Legas a 1967, Ikeja ta zama hedikwatarta a 1976. Ƙidayar 1963 ta ba birnin Ikko mutum wajen dubu 665, ƙidayar 2006 kuwa ta ba jihar gaba ɗaya sama da miliyan 9, ita gwamnatin jihar ma cewa ta yi an rage mata. Duk wannan jama'a sai da suka nemi wurin kwana. Waɗanda kakanninsu suka mallaki gida a bakin tashar Agege lokacin tana daji, yau su ne masu karɓar haya a tsakiyar birni ba tare da sun motsa ko'ina ba. Waɗanda kakanninsu suka ce su dai baƙi ne, ɗaki ɗaya ya ishe su, mu ne muke biyan hayar.

Zamanin Mota

Daga shekarun 1970 kiɗa ya canza. Kuɗin man fetur ya shigo, aka gina manyan hanyoyi, aka buɗe babbar hanyar Ikko zuwa Badun a 1978, jirgin ƙasa ya fara ja da baya, tirela da roka suka karɓe kaya. Tunda kaya sun bar tasha, sai kasuwa ta koma bakin kwalta. Kayan gwari, wato tumatir da tattasai da albasa, suka tashi daga Iddo suka koma Mile 12 a kan hanyar Ikorodu. Raguna da awaki suka samu wuri a Alaba Rago a kan hanyar Badagry. Shanu suna Oko-Oba a nan Agege, da kuma Kara a bakin kogin Ogun, inda ake fita Ikko a shiga jihar Ogun. Direbobi da 'yan dako suka taru wajen Apapa da Ijora saboda tashar jirgin ruwa. Idi-Araba a Mushin ita ma ta cika ta batse.

Kowace kasuwa ta haifi unguwarta. Mai sauke tumatir da ƙarfe huɗu na asuba ba zai kwana nesa ba, don haka mutanenmu suka bazu a Ketu da Agiliti da Owode da kewayen Mile 12. Da yawa daga cikin wuraren nan fadama ce, shi ya sa aka same su da sauƙi. A taƙaice, dogo ko kwalta ke jawo kasuwa, kasuwa ta jawo unguwa. Wannan ita ce ƙa'idar da muka gada, kuma ta yi mana amfani muddin kasuwa tana zaune a inda take.

Matsalar ita ce kasuwa a hannun hukuma take. A watan Maris na 2016, bayan rikicin da aka yi a Mile 12, gwamnatin jiha ta rufe kasuwar na wani lokaci, aka kuma fito da maganar mayar da ita Imota, can gaba da Ikorodu. A 2022 aka ba 'yan Alaba Rago wa'adin tashi, daga baya motocin rusau suka shiga. A Badun, bayan rikicin Shasha na watan Fabrairun 2021, 'yan kasuwa da dama Akinyele suka koma. Ko sana'ar acaba da ta riƙe dubban matasanmu, an hana ta a wasu ƙananan hukumomin Legas a 2020, aka ƙara tsananta dokar a 2022. Kasuwa ana iya tashinta da takarda ɗaya, rumfa a kwance kwanonta a ɗora a mota. Gidan bulo kuwa inda ka kafa shi nan zai tsaya. Wanda ya zuba duk abin da ya tara a gida don kawai yana jin kiran sallar masallacin kasuwa daga ɗakinsa, ranar da kasuwar ta tashi zai wayi gari da gida a wurin da ba shi da sauran abin yi.

Dalilin Da Ya Sa Iyayenmu Suka Zauna A Haya

A nan ya kamata a yi wa iyayenmu adalci. Idan na tayar da maganar sayen fili, abin da Baba ke cewa shi ne baƙo raɓa ne, in hantsi ya yi sai ya kama gabansa. Ya fi shekara 30 yana biyan hayar ciki da falo, alhali ya gina gida mai ɗakuna shida a garinmu, rabinsa a kulle, rabi 'yan uwa na ciki. Haka mafi yawan sa'o'insa suka yi. Wanda bai san abin da idonsu ya gani ba zai ce rashin dabara ne.

Sun ga 1993, lokacin da aka soke zaɓen 12 ga watan Yuni, mutane suka yi ta lodin mata da yara a mota ana kai su gida. Sun ga rikicin Shagamu a watan Yulin 1999 da ramuwar da ta biyo baya a Kano. Sun ga na Ketu da Mile 12 a watan Nuwamba na wannan shekarar, da na watan Oktoban 2000, da na Idi-Araba a watan Fabrairun 2002, kwanaki kaɗan bayan fashewar bama-bamai a barikin Ikeja. An rasa rayuka ta kowane ɓangare, an ƙone gidaje da rumfuna. Mutumin da ya taɓa kwana a bariki da iyalinsa a kan tabarma ɗaya, in ya samu kuɗi dole zuciyarsa ta ce masa ya kai inda ba wanda zai ce masa tashi.

To amma mu lissafinmu ya sha bamban da nasu. Mu a nan aka haife mu, muna jin Yarabanci kamar Hausa, abokan cinikinmu suna nan, makarantun ƙannenmu suna nan, kakanninmu suna kwance a maƙabartar Agege. In mun je gida da sallah, kwana bakwai ya yi yawa an fara tambayarmu yaushe za mu koma. Raɓar da ta kwana shekara 100 a wuri ɗaya ai ta zama rijiya. Sannan tsarin mulkin 1999, a sashe na 43, ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon mallakar ƙasa ko gida a duk inda ya so a faɗin ƙasar nan. Kuɗin haya kuwa kullum gaba yake yi, ga na ejan, ga na yarjejeniya, kuma ran da maigida ya sayar da gidansa ga mai gina bene, takardar tashi kawai za a miƙo maka. Gidan da ke garinmu yana da ranarsa, ban ce a sayar ba. Abin da nake cewa shi ne mai 'ya'ya goma da aka haifa a Kurmi ya bar musu wurin sa haƙarƙari a Kurmi.

Akwai kuma wani darasi a cikin waɗancan rikice-rikice da ba a cika faɗa ba. Zama a dunƙule yana da amfani, domin akwai masallaci da makaranta da mai wankan gawa da wanda zai tsaya maka. Sai dai in fitina ta tashi, unguwar da aka sani da sunan ƙabila ɗaya ita ake fara nufa. Dattawa da yawa kuma za su ba ka labarin Bayaraben maigida ko maƙwabci da ya ɓoye su a ɗakinsa har ƙura ta lafa, kamar yadda Hausawa suka ɓoye Yarabawa a Kano. Ke nan mai neman fili ya duba nisansa da jama'armu, ya kuma duba irin zaman da zai yi da waɗanda zai tarar.

Daga Shaidu Zuwa Takarda

A zamanin kakanninmu, mallakar fili magana ce ta fatar baki. A je wajen Bale ko babban gidan masu ƙasa, a kai abin gaisuwa, a nuna maka daga bishiyar nan zuwa waccan, shaidu su shaida, shi ke nan. Mu kanmu haka muke ciniki, huhun goro na dubban Naira yana tafiya Arewa a kan amana ba tare da an rubuta ko harafi ba. Wannan ɗabi'a mai kyau ita ta fi cutar da mutanenmu a harkar fili.

A 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna. Daga nan takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, ta zama uwar takardu, kuma in mai ita zai sayar wa wani sai an nemi amincewar gwamna. Bayan haka akwai manyan yankuna a Legas da Ogun da gwamnati ta riga ta karɓe don ayyukanta. Wani lokaci takan yanke wa ƙauye wani kaso ta mayar masa, a buga a gazet, wannan kason ne 'yan ƙauyen ke da ikon sayarwa. Wanda ya sayi fili a wajen wannan kaso, ko ya gina bene, a kan aro yake zaune. Kowa ya tuna Maroko, inda a watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe gari guda, mutum wajen dubu 300 suka rasa matsuguni, filin kuma ya koma unguwar masu hannu da shuni. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sai kuma 'ya'yan masu ƙasa, waɗanda ake kira omo-onile. Ka biya kuɗin fili, ran da za ka haƙa tushe su zo, ran da za ka yi rufi su dawo, wani lokaci ma wani reshe na dangin ya fito ya ce shi ba a ba shi kasonsa ba, ko a sayar da fuloti ɗaya ga mutum uku. A 2016 jihar Legas ta yi dokar hukunta masu ƙwacen fili da masu karɓar irin wannan kuɗi, jihar Ogun ma ta yi tata. Dokar ta taimaka, amma rigakafi ya fi magani. Kafin ka ba da ko kwabo, ka ɗauki safiyo naka na kanka ya auna filin, a kai awon ofishin babban safiyo na jiha a duba ko yana cikin ƙasar gwamnati. Ka sa lauya ya bincika a ofishin filaye, na Legas yana Alausa a Ikeja, na Ogun yana Abekuta. Ka tabbata shugaban dangi da manyan gidan duk sun sa hannu a takardar ciniki. Fuloti cikakke a nan ƙafa 60 ne da 120, ka auna da kanka ka gani. In ka saya kuma kada ka bar shi fili, ko katanga ce da ɗaki ɗaya ka yi, ka sa mutum a ciki.

Hanyoyi Huɗu Da Ke Gabanmu

Yanzu sai mu ɗauki ma'aunin tarihi mu gwada wuraren da ake ta yi mana talla.

Ta farko hanyar Badun, wato Magboro da Arepo da Ibafo da Mowe, duk a jihar Ogun. Hanyar babba ce, an fara sake gina ta a 2013 aka ɗauki shekaru ana fama, kuma mafi yawan motocin Arewa ta nan suke shigowa, ga Kara a kusa. Aibinta ruwa. Kogin Ogun ya ratsa ta wajen Isheri da Kara, kuma idan aka saki ruwan madatsar Oyan sai ya malale unguwannin da ke kwari, kamar yadda aka gani a 2010 da 2019 da 2023. Ruwan nan har Agiliti da Owode na wajen Mile 12 yake taɓawa. Akwai kuma bututun mai da ya bi ta Arepo, wanda ya sha kamawa da wuta. Mai son wannan yanki ya nemi tudu, ya nisanci bututu.

Ta biyu Ikorodu. Tsohon gari ne mai Sabonsa da jama'armu, motar BRT da ta fara aiki tsakanin Mile 12 da tsibiri a 2008 an kai ta can a 2015, akwai kuma jirgin ruwa. Ga mai sana'ar gwari wurin ya dace, musamman in wata rana maganar Imota ta tabbata. Sai dai garin ya faɗaɗa cikin sauri, sababbin unguwannin ciki sun yi nisa da kwalta, kuma mutane ba su manta da ta'asar 'yan ƙungiyar asiri ta Badoo a 2016 da 2017 ba. A nan tambayar tsaro da haɗin kan 'yan unguwa ita ce kan gaba.

Ta uku hanyar Badagry, daga Ojo da Okokomaiko zuwa Agbara. Tun 2009 aka fara faɗaɗa hanyar, jirgin ƙasa na cikin gari kuma ya fara aiki tsakanin Marina da Mile 2 a 2023. Arzikin yankin yana da alaƙa da iyakar Seme, kuma da aka rufe iyakar daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 kowa ya ji a jikinsa. Ga abin da ya sami Alaba Rago. Ƙasar wajen yashi ce da fadama a wurare da yawa, don haka tushe kan ci kuɗi da yawa.

Ta huɗu hanyar Abekuta da bakin dogo, wato Iju da Alagbado da Agbado da Ijoko da Sango Ota har Ifo. Wannan ita ce tsohuwar ƙasar goro da kakanninmu suka sani. Yawancinta tudu ce mai jan ƙasa. Kuma abin da ya raya Agege tun farko ya dawo: a 2021 aka buɗe sabon dogon Ikko zuwa Badun mai tasha a Agege, a 2024 kuma jirgin cikin gari ya fara zirga-zirga daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Iju da Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba. Nata aibin shi ne hanyoyin cikin unguwa da damina sai haƙuri, kuma akwai bututun mai ta wajen Abule Egba, inda gobarar watan Disamban 2006 ta ci mutane masu yawa.

Akwai masu kiran mutane zuwa Ibeju-Lekki da Epe saboda matatar man Ɗangote da sabuwar tashar jirgin ruwa, waɗanda aka buɗe a 2023. Wannan lissafin mai ajiye kuɗi ne. Ga wanda zai buɗe rumfa a Agege ko Mile 12 kowace safiya, nisan ya yi yawa.

Kammalawa

In aka tambaye ni, ni bakin dogo zuciyata ta fi kwanciya da shi, tsakanin Iju da Ijoko, kuma shawarar da nake ba Baba da yayyena ke nan. Dalilina shi ne, mazaunin wannan layi bai ɗaura rayuwarsa a kan kasuwa ɗaya ba. In goro ya yi sanyi a Agege, jirgi ɗaya zai kai shi Oshodi ko Mushin ko Oyingbo. Wani kuma sana'arsa za ta nuna masa Ikorodu ko Mowe, ba laifi, muddin ya yi wa wurin tambayoyin da tarihi ya bar mana. Shin takardar filin ta tsaya da ƙafarta a ofishin gwamnati? Shin ka je wurin a watan Yuli da watan Oktoba, lokacin da ruwa ke nuna halinsa, ka duba jikin katangun maƙwabta ko akwai zanen ambaliya? Shin ka gwada fita daga can da asuba ranar Litinin ka ga awa nawa za ka yi kafin ka kai rumfa, da nawa za ka kashe? In kasuwarku ta tashi gobe, hanyar za ta kai ka wata? Akwai masallaci da Islamiyya da asibiti da maƙabarta a inda ƙafa ko ɗan abin hawa zai kai? Ka zauna da Bale da ƙungiyar masu gidajen unguwar kun gaisa kun san juna? Araha ba ta ado, filin da aka ce maka rabin kuɗi ne, akwai dalilin da ya sa.

Shawara ta ƙarshe ga matasa 'yan uwana: mu da muka iya adashi, me zai hana mutum shida su haɗa kuɗi su sayi eka guda, su ɗauki lauya ɗaya da safiyo ɗaya, kowa ya fita da fulotinsa da takardarsa da sunansa? In wurin ya fi haka a ware na masallaci. Haka masu gidan farko suka kafa zango, bambancin kawai shi ne namu zai kasance da hatimin hukuma.

Dattawan da suka ga zamanin da ake loda goro a tashar Agege, da waɗanda aka yi ƙaurar Iddo zuwa Mile 12 a kan idonsu, muna roƙon su ƙara mana bayani domin na baya su amfana. 'Yan uwa na Badun da Shagamu da Fatakwal da Anaca su ma muna son jin yadda abin yake a wajensu. Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya rufa mana asiri, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Amin.